Ammi Zubair da Masallacin Mutum Bakwai

Ammi Zubair, wato Baffa Zubair a Larabcin nan, maƙwabcina ne a unguwar Khalidiyya ta Madina. Shi yana hawan farko, ni ina na uku. Mun yi wata takwas muna gaisawa da Larabci a gindin matakala, kafin wata rana ya ji ina waya da ƙanena na Kano. Ya tsaya da ledar burodi a hannu har na gama, sannan ya ce, "Ashe kai namu ne?"

Hausarsa tsohuwa ce, irin ta mutanen Damagaram, Larabci ya shige ta ta ko'ina. Ɗan ƙasa ne, a Madina aka haife shi, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ni kuwa ma'aikaci ne a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, da takardar zama nake nan, wadda ake kira iƙama. Tun daga ranar nakan sauko wajensa bayan la'asar mu sha shayi da na'ana'a. A cikin wannan zama, kaɗan-kaɗan, na ji labarin masallacin da ya yi wa ladanci shekara talatin da shida. Abin da ya tsallake, 'yarsa Wafa ta cike mini.

Mahaifinsa, Malam Nasrullahi, da ƙafa ya zo. Ya bar gida yana saurayi, ya yi noman ƙodago a Cadi, ya tsinci auduga a Sudan, ya ƙetare teku a jirgin ruwa na katako. Shekara shida ya yi a hanya. Da ya sauke farali sai ya zo Madina ziyara, bai kuma koma ba. Ya sami aiki a gonakin dabino na Ranuna, kudu da gari, kusa da Ƙuba. A nan ya tarar da irinsa, masu hawan dabino da masu yashe rijiya, kowa da garin da ya fito. Su bakwai ne suka roƙi wani mai gona ya ba su gefen katanga, suka ɗebo baƙaƙen duwatsun da ke zube a wajen, suka kwaɓa ƙasa, suka rufa da itacen dabino. Ɗakin bai ɗaukar fiye da sahu uku. Mutane suka riƙa ce masa Masallacin Mutum Bakwai, sunan kuma ya zauna har bayan an sake gina shi da bulo aka sa masa wani suna a allo.

Abin da Ammi Zubair ya fi alfahari da shi shi ne yadda ake tafiyar da wurin. Bakwai ɗin nan babu wanda ya fi wani karatu sosai, don haka suka ƙi ɗora kowa a kan kowa. Suka ce dattawa biyar za su riƙa zama su yanke komai, in ɗaya ya rasu jama'a su zaɓi wani. Ko bayan da hukuma ta fara turo liman, shi liman salla yake ja. Tabarma, ruwan alwala, buɗa-bakin azumi, wanda zai raka gawa Baƙi'a, sulhun maƙwabta biyu da suka daina gaisawa, duk wannan a hannun biyar ɗin yake.

Akwai kuma zaman Alhamis. Bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarmi a farfajiya, wani ya karanta hadisi ɗaya ko aya biyu, ya fassara da Hausa, a yi tambayoyi. Daga nan hira ta ɓarke: wa ya zo daga gida, wa ya haihu, wa yake neman aiki. Mata suna zama bayan katanga, ƙarƙashin wata 'yar taga, suna ji. Mahaifiyarsa, Iyatu, ba ta taɓa fashi ba. Ta yi shekara hamsin a Madina amma Larabcinta na cefane ne kawai, a wannan taga take jin abin da take karantawa a salla.

Zubair ya tashi ya koyi gyaran injin ban-ruwa. Babu gonar da bai sani ba daga Ranuna har Ƙuba. Yana da shekara ashirin da shida muryar tsohon ladan ta dushe, aka ce ya gwada, ya riƙe. Yakan bar inji a kwance, hannu duk baƙin mai, ya tuƙo tsohuwar motarsa ya zo ya kira azahar ya koma. Da mahaifinsa ya rasu jama'a suka sa shi a gurbinsa cikin biyar, shi ne ƙaraminsu.

A lokacin unguwar ta fara canjawa. Ana sare gonaki ana gina gidaje. 'Ya'yan waɗanda suka gina masallacin sun yi makaranta, sun shiga aikin ofis, wasu sun koma Aƙiƙ, wasu Khalidiyya. In ka yi musu Hausa suna ji, amma da Larabci za su amsa. Sai ga wasu sababbin mutane sun fara cika sahun baya, 'yan Nijar da 'yan Nijeriya masu iƙama, masu ban-ruwa da direbobin gidaje da masu shara. Zaman Alhamis ne ya jawo su. Wani yakan yi tafiyar awa guda a ƙasa don ya ji an yi magana da harshensa.

Cikinsu akwai Zakiru, mutumin Maraɗi, wanda ke kula da wata gona a bayan masallacin. Ya yi karatu mai zurfi a gida, amma bai faɗa wa kowa ba. Ranar da mai fassara ya yi rashin lafiya aka rasa wanda zai karanta, shi ne ya ɗaga hannu a hankali daga baya. Ya fassara hadisin yadda har matan bayan katanga suka aiko a tambayi ko wane ne. Daga ranar karatun ya koma hannunsa. Shi ke share farfajiya, shi ke wanke randunan ruwa, in aka yi rasuwa shi ke wankan gawa.

Cikin mutum bakwai na farko, ɗaya ne kawai ya rage a raye, Baba Maigandi, wanda ya zo yana yaro matashi, yanzu ido ya tafi. 'Ya'yansa suna kula da ci da shansa, amma ba su da haƙurin labaransa. Zakiru ne ke jan hannunsa zuwa gida bayan kowace salla, ya zauna yana saurare. Wa ya ɗauko dutsen farko, wa ya faɗa rijiya aka ciro shi da rai, me ya haɗa wane da wane faɗa shekarar da aka yi ambaliya. Ammi Zubair ya ce sau da yawa yakan wuce su a ƙofar gida, ya yi sallama ya wuce, yana ce wa ransa ai labaran nan yana da lokacin jin su.

Sai maganar auren Walid ta taso. Walid babban ɗansa ne, yana da shekara ashirin da uku, ya sami aiki a banki, ya ga wata yarinya 'yar Aƙiƙ. Danginta ma asalinsu ƙasar Hausa ne, amma sun daɗe da ajiye harshen. Mahaifinta ya zo bincike kamar yadda aka saba, ya yi la'asar a masallacin, ya kuma faɗo ranar Alhamis. Ya tarar da farfajiya cike da leburori, wasu da kayan aiki a jikinsu, wani mai ban-ruwa yana wa'azi da Hausa, uban mai neman aure yana zuba musu shayi. Ya yi sallama ya tafi. Bayan kwana huɗu ya aiko cewa babu rabo. Wadda ta kawo saƙon ta ƙara da abin da ba a aiko ta da shi ba, wai mutumin ya ce ya ɗauka gidan 'yan ƙasa zai kai 'yarsa.

Walid ya sami mahaifinsa a bakin gareji yana kwance inji. Da Larabci ya yi magana.

"Ya abuya, har yaushe? A makaranta an kira ni Takaruni, baƙon Afirka, na haƙura. Yanzu ga wannan. Mu 'yan ƙasar nan ne ko baƙi?"

"'Yan ƙasa ne mana."

"To me ya sa masallacinmu ba ya kama da na kowa?"

Zubair ya sunkuya kan injin. Ya ce mini ya ci gaba da ɗaure ƙusa ɗaya har ya lalata ta.

Wata biyu bayan haka ɗaya daga cikin biyar ya rasu, aka zauna a kan magana biyu. Ta farko, Baba Maigandi ya ce a sa Zakiru a gurbin. Ta biyu, wasu matasa sun kawo ƙorafi cewa a daina zaman Hausa, a mayar da shi Larabci ko a bar shi gaba ɗaya. Mutum huɗu ne a zaune. Baba Maigandi yana gefe ɗaya. Sauran biyun suka ce su duk abin da Zubair ya gani, domin shi ke wurin dare da rana, shi ya san jama'a.

"Zakiru mutumin kirki ne," in ji Zubair, "amma da iƙama yake. Gobe mai gona ya sallame shi, ya tafi. Ba a ɗora masallaci a kan mai tafiya."

Baba Maigandi ya juyo da fuskarsa wajen muryar. "Ubanka da wace takarda ya ɗauki dutse, Zubairu?"

"Zamani ya canja, Baba."

"Zaman Alhamis fa?"

"Yaranmu ba sa zama. Suna jin kunya. In muka ci gaba za mu rasa su."

"Waɗanda ke zama fa, ba mutane ba ne?"

Aka tashi a kan cewa za a dakatar da zaman zuwa bayan Hajji a ga yadda za a yi, gurbin kuma aka ba wani ɗan unguwa mai shagon kayan gini, wanda bai cika zuwa ba sai Juma'a.

Zubair da kansa ya gaya wa Zakiru, a wajen famfon alwala. Ya yi ta kewaye-kewaye. Zakiru ya saurara har ƙarshe yana riƙe da tsintsiya, ya ce, "Ba komai, Alhaji. Masallacinku ne." Ya ci gaba da shara. Ammi Zubair ya ce da Zakiru ya yi fushi, da shi ya ji sauƙi. Kalmar "naku" ɗin nan ce ta tsaya masa.

Ranar Alhamis ta farko, Iyatu ta ɗauki 'yar kujerarta ta tafi gindin taga kamar kullum, domin babu wanda ya iya gaya mata. Ta zauna har aka kira magariba. Da ɗanta ya shigo gida ta tambaye shi ko malamin ba shi da lafiya ne. Ya gaya mata gaskiya.

"Kai ka ce a bari?"

"Mu duka muka zauna, Inna."

"Na ce kai ka ce?"

"Ni ne."

"To," ta ce. "Ni yanzu a ina zan ji?"

Ya yi mata alkawarin zai riƙa karanta mata a gida. Ya yi sau uku ko huɗu, aiki ya sha kansa, kuma shi ma ya san fassararsa ba ta kai ta Zakiru ba. Ba ta sake tayar da maganar ba. Ta rasu bayan shekara biyu, Baba Maigandi ya bi ta da wata bakwai. Zakiru ne ya yi wa tsohon wanka.

Hajji ta wuce, wata ma ta wuce, ba a dawo da zaman ba. Masu iƙama ba su yi gardama da kowa ba, raguwa kawai suka riƙa yi. Wanda ke tafiyar awa guda ya ga babu dalili, akwai masallaci kusa da wurin aikinsa. Matasan da aka yi abin dominsu kuwa ba su ƙaru ba ko da mutum ɗaya. Walid ya auri wata, ya koma Jidda. Buɗa-bakin azumi da ake shimfiɗa tabarma shida, da kunu da ƙosai gefen dabino da nono da burodin shuraik, ya koma tabarma biyu, daga baya ɗaya. Biyar ɗin suka koma uku, ba a kuma sami wanda ya damu a cike gurbi ba. Akwai asubahin da Zubair ya kira salla, ya tayar da iƙama, ya waiga ya ga daga shi sai liman sai Zakiru.

Ya ce ya sha yin niyyar ce wa Zakiru, zo mu dawo da zaman nan. Sau ɗaya har ya bi shi gona da wannan niyya, ya tarar da shi a saman dabino yana haɗa furen namiji da na mace. Ya tsaya a ƙasa ya tambaye shi lafiyar injin ruwa, ya juyo.

Daga baya wani mai hali ya gina babban masallaci a bakin sabon titi, tafiyar minti uku, da na'urar sanyaya ɗaki da wurin mata a sama. Aka haɗe jama'ar biyu, aka rufe ƙaramin. Babu wanda ya zalunce su, mutum tara ne suka yi sallar ƙarshe a ciki. Sabon masallacin yana da ladaninsa. Shekara uku bayan haka aka sayar da gonar da Zakiru ke aiki, ya koma Maraɗi. Ya zo sallama gida bai sami Zubair ba, ya bar masa kwalin dabino a wajen Wafa. Zubair bai kira shi ba. Ya ce bai san da wace magana zai fara ba, har lambar ta daina shiga.

Wafa malamar tarihi ce a makarantar 'yan mata. Bara ta ce tana son ta rubuta tarihin masallacin, ko shafi goma ne, saboda jikoki. Ta zo da littafi ta zauna gaban mahaifinta, ina wurin. Ta ce a fara da sunayen mutum bakwai. Ya ce Malam Nasrullahi. Ya ce Baba Maigandi. Ya ce Malam Abdulrauf mutumin Abeche, wanda ya fara jan salla. Sai ya tsaya. Ya rufe ido, ya ƙirga da yatsu, ya sake farawa daga farko. Akwai wani dogo mai tsage a kumatu, yana ganin fuskarsa, amma sunan ya ƙi zuwa. Wafa ta bi gidaje biyar a Aƙiƙ da Ranuna. Kowa ya san kakansa ya yi salla a wurin, babu wanda ya san wa da wa suka gina.

"Mutum ɗaya ne ya sani," in ji Ammi Zubair. "Ni kuma na ce masa mai tafiya ne."

Ni na nemo sabuwar lambar Zakiru, ta hannun wani direba ɗan Maraɗi da ke kawo marasa lafiya asibitinmu. Ya ɗauki sati uku. Muka kira wata Asabar da hantsi, na ajiye wayar a kan tebur na buɗe murya. Mace ta ɗauka, ta ce ita ce Radiyya, 'yar Malam Zakiru. Ta ce Baba yana nan, amma tun damina ta wuce ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya yi nauyi, su na gida ne kawai ke gane abin da yake faɗa. Ta ce bari ta kai masa.

Muka ji numfashi. Ammi Zubair ya matso da bakinsa kusa da wayar.

"Malam Zakiru, Zubair ne. Ladan. Na Ranuna."

Aka yi wani sauti mai tsawo. Radiyya ta ce, "Ya gane ka, Baba. Yana dariya."

Ammi Zubair bai tambayi sunaye ba tukuna. Ya ce, "Na yi maka ba daidai ba. Kai ya kamata ka zauna a gurbin nan. Zaman nan ma ni na kashe shi, ba kowa ba. Ka yafe mini."

Zakiru ya yi magana mai ɗan tsawo, muna jin yadda yake kokawa da kowace kalma. Radiyya ta saurara, ta ce, "Ya ce ya yafe tun a can. Ya ce abin ya yi masa zafi, ba zai ɓoye ba, amma ya wuce. Yana tambaya ko Hajiya Iyatu ta sami mai karanta mata kafin ta rasu."

Ammi Zubair ya matsar da wayar gefe. Wafa ce ta karɓa, da Hausarta mai tsinkewa, ta gaishe shi ta faɗi abin da take nema. Zakiru ya ba da suna biyu da Radiyya ta ji sarai: Bukar mai yashe rijiya, mutumin Kukawa, shi ne dogon mai tsage, da Hamidan na Agadas. Na shida ya maimaita shi sau huɗu, Radiyya ta ce ko Sanda ne ko Sambo, ba ta tabbata ba. Sai ya gaji, ta ce a bari sai wani lokaci. Mun sake kira sau biyu. Na farko yana barci, na biyu jikin ya tsananta ba ya magana. Ya rasu kafin azumi.

Wafa ta rubuta abin da ta samu, shafi shida, da sunaye biyar da layi biyu babu komai. Ta buga kwafi ashirin ta raba wa dangi. Da Larabci ta rubuta, domin waɗanda aka yi dominsu ba za su iya karanta shi da Hausa ba.

Walid yakan zo daga Jidda duk ƙarshen wata ya kai mahaifinsa ganin likitan ido. Mutum ne mai ladabi, furfura ta fara fito masa, yakan sumbaci kan tsohon in ya shigo. Na taɓa tambayar Ammi Zubair ko ya gaya masa abin da ya faɗa wa Zakiru a waya, ko sun taɓa komawa kan maganar da suka yi a bakin gareji.

Ya girgiza kai. "Me zan ce masa? Bai sa ni ba. Shi ya yi magana irin ta ɗan shekara ashirin da uku da aka hana mata. Ni nake da hamsin."

Ya miƙo mini kofinsa in ƙara masa shayi, ya tambaye ni ko an sabunta mini iƙamata ta bana. Na ce saura wata biyu. Ya ce in kawo masa takardun ya duba, ya san wani a ofishin da ke cike su.